Napoleon Bonaparte: Sarkin yaƙin da ya rufe wa Birtaniya kasuwa, ƙaiƙayi ya koma kansa

A watan Nuwamban 1810, mutanen birnin Frankfurt na Jamus sun tsaya suna kallon sojojin Faransa suna tara bandir-bandir na yadin da aka saƙa a Ingila, suna cinna masa wuta. An yi irin wannan a Hamburg da Leipzig da Amsterdam. Kayan lafiyarsu ƙalau, masu saye kuma suna nan da kuɗinsu a hannu. Laifin kayan ɗaya ne: daga Ingila suka fito.

Wanda ya ba da umarnin shi ne Napoleon Bonaparte, sarkin daular Faransa, wanda a lokacin kusan duk yammacin Turai da tsakiyarta ke ƙarƙashin ikonsa ko na 'yan'uwansa. Ya murƙushe rundunonin Ostiriya da Rasha da Jamusawa a fagen daga, amma Birtaniya ta gagare shi saboda teku ta raba su. Da ya ga igwarsa ba za ta kai can ba, sai ya yanke shawarar yaƙarta a kasuwa. Wannan shawara ce ta ja shi zuwa yaƙe-yaƙe biyun da suka cinye rundunarsa.

Ɗan tsibiri da ya zama janar

An haifi Napoleon ranar 15 ga Agustan 1769 a garin Ajaccio da ke tsibirin Kosika, shekara ɗaya bayan tsibirin ya koma hannun Faransa. Mahaifinsa Carlo lauya ne mai asali amma ba mai dukiya ba, mahaifiyarsa kuma sunanta Letizia. Yana ɗan shekara tara aka kai shi makarantar soja ta Brienne a Faransa, inda 'yan ajinsu ke yi masa ba'a saboda harshensa na mutanen tsibiri. Ya yi fice a lissafi, abin da ya sa aka tura shi ɓangaren igwa. A 1785, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya fito da muƙamin ƙaramin hafsa yana da shekara 16.

Juyin juya-halin Faransa na 1789 ne ya buɗe masa ƙofa, domin da yawa daga manyan hafsoshi 'ya'yan sarauta sun tsere daga ƙasar. Karonsa na farko da Birtaniya ya zo a 1793, lokacin da magoya bayan sarauta suka miƙa tashar jiragen ruwa ta Toulon ga jiragen yaƙin Birtaniya da Sifaniya. Napoleon ne ya tsara inda za a girke igwa a kan tudun da ke kallon tashar, jiragen suka rasa mafaka suka fice. Aka ba shi muƙamin birgediya janar yana da shekara 24.

A 1796 ya auri Josephine, ya kuma jagoranci yaƙin Italiya, inda ya fatattaki sojojin Ostiriya ya zama gwarzo a idon Faransawa.

Teku ta gagare shi

A farkon 1798 gwamnati ta ɗora masa alhakin shirya mamaye Ingila. Ya zagaya gaɓar arewacin Faransa ya duba, ya gane cewa ba zai yiwu ba muddin jiragen yaƙin Birtaniya ne ke iko da teku. Sai ya kawo shawarar a kama Masar, domin a yi barazana ga hanyar Birtaniya zuwa Indiya, inda take kwasar arziki.

Ya ci Alƙahira a watan Yulin 1798. Amma ranar 1 ga Agusta, kwamandan ruwan Birtaniya Horatio Nelson ya riski jiragen Faransa a gaɓar Abukir kusa da Iskandariya ya tarwatsa su. Rundunar Napoleon ta maƙale a Masar ba hanyar komawa gida. Shi kansa ya sulale ya koma Faransa a 1799, ya yi juyin mulki a watan Nuwamba ya karɓi ragamar ƙasar.

A shekarun da suka biyo baya ya kafa Bankin Faransa a 1800, ya fitar da kundin dokokin farar hula a 1804 wanda har yau ƙasashe da dama ke bin tsarinsa, sannan ranar 2 ga Disamban 1804 ya naɗa kansa sarkin daula a birnin Paris.

Sulhun da ya yi da Birtaniya a 1802 bai wuce wata 14 ba. Ya tara babbar runduna a Boulogne, daura da gaɓar Ingila, yana jiran ranar da jiragensa za su share masa hanya. Ranar ba ta zo ba. A watan Agustan 1805 ya kwashe sojojin ya nufi Ostiriya, kuma ranar 21 ga Oktoba Nelson da jirage 27 ya gamu da jirage 33 na Faransa da Sifaniya a Trafalgar. An kashe Nelson a yaƙin, amma Birtaniya ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, abokan gabarta kuwa suka rasa fiye da rabin nasu. Daga ranar maganar tsallaka teku ta mutu.

A tudu kuwa babu mai tare shi. Ya doke Ostiriya da Rasha a Austerlitz a watan Disamban 1805, ya karya Prussia, masarautar da ta fi ƙarfi a arewacin Jamus, a watan Oktoban 1806, ya shiga babban birninta Berlin.

Dokar Berlin

Birtaniya ce ta fara taɓa kasuwa. A watan Mayun 1806 ta ayyana toshe gaɓar teku daga Brest a Faransa har zuwa bakin kogin Elbe a Jamus. Napoleon ya mayar da martani daga Berlin ranar 21 ga Nuwamban 1806, da dokar da ta zama tushen takunkumin da ya ƙaƙaba wa Birtaniya.

Dokar ta haramta duk wani ciniki da Birtaniya. Ta hana aika wasiƙa can, har wasiƙar da aka rubuta da Ingilishi ma a ƙwace. Duk ɗan Birtaniyar da aka samu a ƙasar da sojojin Faransa ko ƙawayenta ke riƙe da ita ya zama fursunan yaƙi, kayansa kuma ganima. Jirgin da ya taso daga Birtaniya ko yankunan da take mulka ba zai shiga kowace tasha ba.

Napoleon ba shi da jiragen da za su zagaye Birtaniya su hana abinci shiga. Lissafinsa daban ne. Ƙarfin Birtaniya yana cikin abin da take sayarwa: yadin auduga da na ulu daga masaƙunta, da kayan ƙarfe, da sukari da gahawa da taba da take kwasowa daga yankunan da ta mallaka ta sake sayar wa Turawa. Da ribar wannan ciniki take biyan Ostiriya da Rasha da Prussia zinariya don su ci gaba da yaƙar Faransa. Bashi kuma ya yi mata yawa, tun 1797 Bankin Ingila ya daina canza takardun kuɗinsa da zinariya.

A ganin Napoleon, idan Turai ta daina saye, kaya za su yi kwantai a rumbunan Landan, masaƙu su rufe, bankuna su durƙushe, ma'aikata su tayar da tarzoma, gwamnati ta zo neman sulhu da kanta. A gefe guda kuma masana'antun Faransa su gaje kasuwar.

Martanin Landan

A 1807 Birtaniya ta fitar da nata umarnin. Na watan Nuwamba ya tilasta wa duk jirgin ƙasar 'yan ba-ruwanmu da ke son zuwa tashar da ke ƙarƙashin Faransa ya fara tsayawa a tashar Birtaniya, ya biya haraji, ya karɓi lasisi. Napoleon ya amsa daga birnin Milan ranar 17 ga Disamban 1807: duk jirgin da ya yarda 'yan Birtaniya suka bincike shi, ko ya biya su haraji, za a ɗauke shi a matsayin na Birtaniya a ƙwace.

Masu jiragen Amurka, waɗanda suka fi kowa cin moriyar jigila tsakanin ɓangarorin biyu, suka shiga tsaka mai wuya. In sun bi dokar Landan, Faransa ta ƙwace jirgin. In sun bi ta Paris, Birtaniya ta ƙwace. Wannan rikici yana cikin dalilan da suka sa Amurka ta shelanta yaƙi da Birtaniya a watan Yunin 1812.

Kowace gaɓa sai an tsare ta

Raunin shirin Napoleon shi ne tasha ɗaya tak da aka bari a buɗe ta isa ta ɓata komai, domin kayan da suka sauka a can za su bi ta tudu su watsu. Don haka dole kowace ƙasa mai gaɓar teku ta shiga, ko da so ko da ƙi.

A watan Yunin 1807 ya gana da Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya a Tilsit, a kan wani dandamali da aka kafa a tsakiyar kogin Niemen, Rasha ta amince ta rufe tashoshinta. Birtaniya, saboda tsoron kada jiragen yaƙin Denmark su faɗa hannun Faransa, ta yi wa birnin Copenhagen ruwan wuta a watan Satumba ta kwashe jiragen. Suwidin ta ƙi shiga, Rasha ta auka mata ta ƙwace Finland a 1809.

Sai Fotugal, tsohuwar ƙawar Birtaniya, wadda ta yi ta jan ƙafa. Napoleon ya tura Janar Junot ta cikin Sifaniya. Junot ya shiga Lisbon ranar 30 ga Nuwamban 1807, ya tarar iyalan gidan sarauta sun tashi kwana ɗaya kafin nan zuwa Brazil da rakiyar jiragen Birtaniya. Suna isa can suka buɗe tashoshin Brazil, Birtaniya ta samu sabuwar kasuwa.

Tun da sojojinsa sun riga sun shiga Sifaniya, a 1808 Napoleon ya tuɓe gidan sarautar ƙasar ya ɗora yayansa Joseph. Ranar 2 ga Mayu mutanen Madrid suka yi bore, wutar ta bazu ƙasar baki ɗaya. Birtaniya ta sauke sojoji a Fotugal ƙarƙashin Arthur Wellesley, wanda daga baya aka sani da Wellington. Shekara shida ana gwabzawa, 'yan yaƙin sunƙuru suna ɗauke sojojin Faransa ɗaya bayan ɗaya, kuma dubun dubatar dakarun da Napoleon ke buƙata a wasu wurare suka maƙale a can. Yankunan da Sifaniya ke mulka a Kudancin Amurka su ma suka fara karɓar kayan Birtaniya.

Fafaroma Pius na Bakwai ya ƙi rufe tashoshinsa da hujjar cewa shi ba ya cikin yaƙin. Wannan na cikin abubuwan da suka haɗa su, har Napoleon ya haɗe ƙasarsa da Faransa a 1809, aka kama shi aka tsare har 1814.

Ko ɗan'uwan jini bai tsira ba. Ƙanensa Louis, wanda ya naɗa sarkin Holan, ya ga cewa talakawansa da cinikin teku suke rayuwa, ya riƙa kau da kai ga masu shigo da kaya. A watan Yulin 1810 matsin lambar yayansa ya sa ya sauka daga gadon, aka mayar da Holan wani yanki na Faransa.

Kakar 'yan fasa-ƙwauri

Duk da haka kayan Birtaniya ba su daina shiga ba. A 1807 Birtaniya ta kama ɗan ƙaramin tsibirin Heligoland da ke daura da gaɓar Jamus ta mayar da shi rumbu, inda ƙananan jiragen masunta ke zuwa da dare su yi lodi. Malta da Gibraltar suka zama irin wannan a Bahar Rum. Wasu kayan suna sauka a Salonika, cikin daular Usmaniyya, a ɗora wa dawaki da alfadarai su ratsa duwatsu har Ostiriya da Jamus. Suwidin, wadda aka tilasta wa shelanta yaƙi da Birtaniya a 1810, ba ta harba ko harsashi ɗaya ba, ciniki ya ci gaba a gaɓarta.

Takardun bogi suka zama sana'a. Jirgin Birtaniya zai ɗaga tutar wata ƙasa, da takardun da ke nuna daga can ya taso. Jami'an kwastam da hafsoshin Faransa da yawa suka gane cewa kau da kai ya fi albashi tsoka.

Bourrienne, tsohon sakataren Napoleon da ya wakilci Faransa a Hamburg, ya bayar da labarin yadda jana'iza ta yawaita a wata unguwar bayan gari, har jami'ai suka buɗe akwatunan gawa suka tarar da sukari da gahawa. Ya kuma ce da aka umarce shi ya samar wa sojojin Faransa rigunan sanyi da takalma, daga Ingila ya samo yadin da fatar. Shi kansa daga baya an janye shi daga Hamburg bisa zargin azurta kansa da wannan harka.

Da Napoleon ya ga kuɗin na tafiya aljihun 'yan fasa-ƙwauri, sai ya shiga cinikin da kansa. Ya fara sayar wa 'yan kasuwar Faransa lasisin kai kaya Ingila. A 1810, lokacin da Birtaniya ke fama da ƙarancin abinci bayan damina ta yi gardama, ya bari aka sayar mata da alkamar Faransa, domin manomansa na da rara kuma yana son zinariyarta. A watan Agustan shekarar ya halatta shigo da sukari da gahawa da auduga bisa haraji mai nauyi, a watan Oktoba kuma ya ba da umarnin ƙona kayan masana'antun Birtaniya duk inda aka same su. Wannan ne ya haifar da wutar da aka gani a Frankfurt.

Ƙawayensa sun lura. An hana su ciniki da Birtaniya, ga Faransa tana yi da lasisi. Kayan Faransa na shiga kasuwanninsu cikin sauƙi, nasu kuwa na cin karo da haraji a iyakar Faransa.

Wa ya fi jin jiki?

Birtaniya ta ji a jikinta, musamman a 1808 da 1811, shekarun da rufewar Turai ta haɗu da taɓarɓarewar cinikinta da Amurka. Kamfanoni sun karye, masaƙu sun sallami ma'aikata, abinci ya yi tsada. A 1811 masaƙan yankin Nottingham suka fara farfasa injuna, har gwamnati ta tura sojoji. Amma ba ta durƙushe ba, domin teku a buɗe take gare ta, kuma ta samu masu saye a Kudancin Amurka da gabashin Bahar Rum.

A ɓangaren Napoleon, manyan tashoshi irin su Bordeaux da Nantes da Marseille da Amsterdam da Hamburg suka mutu murus. Masu ƙera jirage da masu tace sukari da 'yan dako suka rasa aiki. Sukari da gahawa suka fi ƙarfin talaka, mutane suka koma soya saiwar wani tsiro mai suna cikori suna sha a madadin gahawa.

Akwai waɗanda suka ci riba. Masaƙun auduga a Ghent da Alsace da Saxony sun bunƙasa saboda babu gasar yadin Ingila, duk da cewa samun audugar kanta ya zama aiki. Rashin sukarin rake kuma ya sa aka waiwayi bit, wani tushe mai zaƙi da ya yi kama da ƙaton farin karas, wanda wani masani a Jamus, Franz Achard, ya riga ya nuna ana iya fitar da sukari daga cikinsa. A 1811 Napoleon ya ba da umarnin noma shi da yawa, kuma a watan Janairun 1812 ya ziyarci masana'antar Benjamin Delessert a Passy, kusa da Paris, ya ba shi lambar girmamawa saboda sukarin da ya tace.

Hanyar Mosko

Rasha ce ta fi kowa cutuwa cikin manyan ƙasashen. Masu gonakinta sun dogara da sayar wa Birtaniya katako da rama ta igiyar jirage da kitse da hatsi. Da aka rufe wannan hanya kuɗin ƙasar ya faɗi, manyan gari suka fara gunaguni a fadar Alexander.

A watan Disamban 1810 Napoleon ya haɗe gaɓar arewacin Jamus da Faransa don toshe ɓarakar fasa-ƙwauri, ciki har da Hamburg da Bremen da Lubeck da ƙaramar masarautar Oldenburg, wadda ɗan mai mulkinta ke auren ƙanwar Alexander. Ranar 31 ga watan, Alexander ya fitar da doka da ta buɗe tashoshin Rasha ga jiragen 'yan ba-ruwanmu, waɗanda kowa ya san kayan Birtaniya suke ɗauke da su, ya kuma ɗora haraji kan kayan alatun Faransa.

Akwai wasu matsalolin a tsakaninsu, kamar batun Poland, amma ficewar Rasha na nufin takunkumin ya tashi daga aiki. Ranar 24 ga Yunin 1812 Napoleon ya tsallaka kogin Niemen, wanda a kansa suka ƙulla abota shekara biyar baya, da sojoji fiye da 400,000, wasu kuma suka biyo baya.

Rashawa suka riƙa ja da baya suna ƙona abinci. Bayan ƙazamin yaƙin Borodino ranar 7 ga Satumba, ya shiga Mosko ranar 14 ga watan ya tarar mutane sun watse, gobara kuma ta cinye mafi yawan birnin. Ya zauna sati biyar yana jiran Alexander ya nemi sulhu, shiru. Ranar 19 ga Oktoba ya juya. Yunwa da cuta da sanyi da hare-haren Rashawa suka gama da rundunar, 'yan kaɗan ne suka sake ganin Niemen.

Daga nan ƙawaye suka fara zamewa, tashoshi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, zinariyar Birtaniya kuma ta sake haɗa taron dangi. An doke shi a Leipzig a watan Oktoban 1813, ya yi murabus a watan Afrilun 1814, aka kai shi tsibirin Elba. Ya dawo a watan Maris na 1815 ya sake karɓar mulki, amma ranar 18 ga Yuni Wellington da sojojin Prussia suka karya shi a Waterloo.

Ƙarshensa

Bayan Waterloo ya nufi tashar Rochefort da niyyar tsallakawa Amurka. Ya tarar jiragen yaƙin Birtaniya sun toshe bakin tashar. Ranar 15 ga Yulin 1815 ya hau ɗaya daga cikinsu, mai suna Bellerophon, ya miƙa wuya.

Birtaniya ta kai shi Saint Helena, wani tsibiri a kudancin tekun Atlantika, mallakar kamfanin cinikinta na Gabashin Indiya, wanda jiragen kasuwanci ke yada zango a kansa a hanyarsu ta dawowa daga Indiya. A can ya yi kusan shekara shida ƙarƙashin tsaro, ya rasu ranar 5 ga Mayun 1821 yana da shekara 51. A 1840 aka mayar da gawarsa Paris.

Turai ba ta daina amfani da wannan makami ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta toshe wa Jamus teku, Jamus kuma ta mayar da martani da jiragen ƙarƙashin ruwa. Daga 2022 ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙaƙaba wa Rasha jerin takunkumai saboda yaƙin Ukraine, kuma tambayoyin da ake yi su ne waɗanda Napoleon ya fuskanta: wa zai tsare kowace kafa, kuma wa zai fara gajiya tsakanin wanda aka rufe wa kasuwa da wanda ya rufe.

Daga takunkumin nasa kuwa, abin da ya fi daɗewa shi ne sukarin bit. Masana'antar ta durƙushe da aka sake buɗe tashoshi bayan faɗuwarsa, ta farfaɗo bayan wasu shekaru, kuma a yau Faransa na cikin ƙasashen da suka fi samar da shi a duniya.